Loy ba shebur ba ne, kafin ka taɓa ice ka tambayi ƙafa

Kai yaro na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba saboda ka taɓo min wani tsohon ciwo. Wai me yasa loy, tsohon abun haƙan nan na manoman Ayalan, yake da wurin taka ƙafa a gefe ɗaya kawai, me zai hana mu yi masa walda mu sa mataki hagu da dama kowa ya iya aiki dashi, sannan mu daina wahalar sassaƙa ƙota mu siyo ta kanti mu ƙwama, aiki yayi sauri kuɗi su shigo. To madalla, sannu da ƙoƙari, ka ƙirƙiro shebur. Akwai shi a kowane kanti a Ayalan, yuro nawa ne, ba sai an zo maƙerarmu ba.

Loy ba don kwasar ƙasa aka yi shi ba, garma ce ta hannu, kifar da ƙasa yake. Kai ma ka ga ƙasar nan ta yankunan Leitrim da Cavan da Longford a nan Ayalan da idonka, laka ce mai danƙo, ruwa baya barinta shekara zagaye, ga tuddai ƙanana ƙanana, ga ciyawa ta saƙa saiwa ta kama saman ƙasar gam. Talakan da yake da 'yar gona a gefen tudu bashi da doki, in ma ya aro dokin lumewa zai yi. To shi ne zai ja igiya ya tsaga ciyawar a layi, ya zuba taki a tsakiya, mutanen bakin teku irin su Mayo da Galway ciyawar teku suke zubawa, sai ya kwantar da loy ya tura bakinsa ƙarƙashin ciyawar da ƙafa, ya danna ƙota ƙasa, dunduniyar icen nan mai kauri ta tokari ƙasa ta ɗaga fallen, ya murɗa hannu fallen ya kife kan takin, ciyawa ta rufe ciyawa. Gefe ɗaya na fallen ba'a yanke shi, a manne yake da ƙasa, shi ke riƙe bangon kunyar kar ta zube. Yayi haka ta ɗaya gefen, ya samu kunya mai faɗi da kwari hagu da dama inda ruwa zai bi, dankalin turawa yana sama ruwa bai kwanta masa ba ballantana ya ruɓe.

Bakin ƙarfen faɗinsa inci 3 ne ko ɗan fiye, tsawonsa wajen inci 14, ƙota ƙafa 5 zuwa 6. Yanzu sa masa matakinka na biyu mu gani. Ba ƙafar da za ta taka shi, nauyi ne kawai, kuma duk lokacin da aka zo juya falle shi zai riƙa karo da ƙasa yana tsinka gefen nan da nace maka ba'a yankewa. A wasu wuraren matakin weji ne na ice da ake bugawa a gefen ƙota, amma irin wanda muke yi mu a nan, da ƙota da dunduniya da mataki duk daga ice ɗaya ake fitar dasu. In ka sassaƙa na dama ya zama na dama har ya ruɓe, ba gyara. Shi yasa kake ji kafin in tambayi mutum sunansa nake tambayarsa da wace ƙafa yake haƙa. Abun ba wasa bane a ƙasar nan, a Arewacin Ayalan har zolayar juna ake da ƙafar haƙa tsakanin Katolika da Furotesta.

Maganar ƙafa kuwa ita ce ciwon nawa, bari ka ji tunda ka tono.

Lokacin baka zo ba, tsohon da na koyi loy a hannunsa bai daɗe da rasuwa ba, maƙerar ta dawo hannuna. Wani mutum ya faka a-kori-kura a bakin ƙofa, ɗan ƙasa, da hular nan tasu ta tsofaffin manoma, baki kamar an shafa masa mai. Ya zagaya maƙera yana shafa uwar maƙera yana cewa Allah ya jiƙan tsoho, wai babansa ma a nan yake kawo gyara, wai abun kunya ne a garesu ace sai baƙo daga Afirka ne ya riƙe musu sana'ar kakanninsu, wai ni kaɗai na rage mai hannu a yankin nan. Gaskiya ya faɗa, amma ba don Allah ya faɗa ba. Yace kwamitin bikin ƙauyensu ne suka aiko shi, za su nuna wa yaran makaranta yadda ake kunyar dankali a da, suna son loy 16, na dama 12 na hagu 4. Na maimaita masa, 12 dama 4 hagu, yace haka ne. Ya ajiye yuro 100 kafin alƙalami, sauran wai in kwamiti ya zauna, muka tafa. Kar ka ce min me yasa ban rubuta ba, tsoho yayi rayuwarsa kaf yana aiki da manoman nan da tafa hannu kawai, ba wanda ya taɓa cin masa sisi, ni ma a gidanmu na ƙira ban taɓa ganin babana ya rubuta wa mai fartanya rasit ba.

Abun da yafi ƙona min rai ba ƙarfen bane, ƙarfe ana samu, icen ne. Ƙotar loy da icen ash ake yinta, shi ne mai ƙarfi kuma mai lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba. A watan Oktoba na 2012 aka tabbatar cutar da ke busar da ash ta shigo ƙasar, a nan Leitrim ɗin ma aka fara ganinta a jikin dashen da aka shigo dasu daga waje, tun daga nan itatuwan suke mutuwa, kai ma kana ganinsu a bakin hanya a tsaye ba ganye. Ga masu yin sandar wasan hurling suma ash suke nema ido rufe. To tsoho ya bar min tari a saman rufin maƙera, wanda aka sara tun kafin cutar, ba da zarto aka yanka shi ba, tsaga shi aka yi ya bi jijiyarsa, ya sha shekaru yana bushewa a inuwa. Irin wannan icen in ka buga shi da masaba ƙara yake. Na hau na zaɓo mafi kyau 16 na sauko dasu saboda ance yara za'a koya wa, nace bari su riƙe abu na gaske a hannunsu. Na ajiye aikin ƙofofi biyu da ke kawo min kuɗin haya, na zauna kan aikin nan dare da rana cikin sanyin da yatsunka basa jin masaba, kowane ɗaya na sassaƙa, na zaunar da ƙarfe a fuskarsa ba ko hanyar iska, na shafe su da mai, na buga tambarina a bayan kowane ƙarfe. Wallahi da na jera su a jikin bango ni kaina tsayawa nayi ina kallo.

Ya zo ya loda su, wai zai kai kwamiti su gani ya dawo da cek. Bayan kwana biyu sai gashi hannu rabbana, fuska a murtuke, wai an samu matsala, wai shi 12 hagu 4 dama yace min, wai ƙila Turancina ne bai kama ba. Turancina! Ni da nake ciniki da tsofaffin Cavan waɗanda 'yan Dublin ma sai sun ce su maimaita. Nace masa malam, a yankin nan kusan kowa da ƙafar dama yake haƙa, wane ƙauye ne yara 12 cikin 16 suke haƙa da hagu? Yace shi dai abun da kwamiti suka ce kenan, amma saboda mutunci zai karɓe su a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ya san yadda zai yi dasu. Nace a'a, dawo min da kayana, ga yuro ɗarinka. Yace suna kulle a ɗakin taro, makulli na hannun ma'aji, ma'aji ya tafi Ingila wajen 'yarsa. Sati ya wuce, ma'aji bai dawo ba. Wata ya wuce, waya ta daina shiga. Na tuƙa har ƙauyen na tambaya, matar da ke shagon garin ta kalle ni da tausayi tace bikinsu na bara ma ba'a yi ba, kuma ba su da wani kwamiti mai wannan mutumin a ciki.

Na haƙura na bar wa Allah, sai da bazara ta zagayo na je wani taron tsofaffin taraktoci, irin wanda ake jera Ferguson ɗin nan masu ruwan toka ana sayar da tarkacen da. Ina cikin yawo sai na hango shi a bayan tebur, da fitilun aci-balbal da tukwanen ƙarfe, a gefe kuma loy guda biyar a jingine. Kai da ka gansu ka rantse daga kabari aka tono su. Ƙarfen yayi jawur da tsatsa, gishiri da ruwan tsami ya zuba musu ya binne su cikin taki, icen ya shafe shi da baƙin mai, har ƙananan huji ya bi yayi da siririyar kusa wai ƙwaro ne ya ci. Ya rataya musu takarda wai na zamanin babbar yunwa ne, 1847, kuɗin kowane ɗaya ya ninka nawa sau uku. Wasu Amurkawa biyu da suka zo neman asalin kakanninsu suna tsaye, matar har da share hawaye tana shafa ƙotar da ni na sassaƙa da hannuna. Tambarina ya goge shi da giranda, amma maƙeri baya ɓata aikinsa. Masabata tana da ɗan ɓalli a gefe, duk inda ta sauka sai ta bar alama 'yar lanƙwasa, na juya ƙarfen gata nan a jere. Ɗaya ma har gurbin hujin kusar sifirin da na toshe yana nan, don da sifirin mota nayi su. Nace masa a gaban mutanen, malam a 1847 wace mota ce take da sifirin? Ko gezau bai yi ba, yace bai taɓa ganina ba, wai a wani tsohon rumbu ya siyo su. Amurkawan dai suka ajiye suka wuce, iyakar ribar da na ci kenan.

Lauya na gani, ya saurare ni tsaf, yace ina takarda, nace babu, ina shaida, nace Allah, yace kuɗin shari'ar zai fi kuɗin kayan. Shi ma sai da na biya shi kuɗin zama.

Kuɗina ya ci, na yafe ko ban yafe ba wannan tsakanina da shi ne ranar gobe. Amma ka dubi abun da ya sayar. Mutumin nan jikan waɗanda yunwar ta kashe ne fa. Ƙidayar 1841 ta samu mutum sama da miliyan 8 a tsibirin nan, wajen miliyan 3 a cikinsu dankalin turawa ne kawai abincinsu safe da rana da dare, yawanci ma iri ɗaya da suke kira Lumper, ƙato ɗaya mai aikin ƙarfi yana iya tashi da kilo 6 a rana. Yawanci da loy da 'yan uwansa aka noma shi, a gefen duwatsu da fadamu inda masu ƙasa suka tura talaka. 1845 cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa a cikin kunya, kafin 1852 wajen mutum miliyan ɗaya sun mutu, wasu miliyan ɗaya sun shiga jirgin ruwa sun bar ƙasar. Leitrim ɗin nan da kake ganinta shiru, a 1841 mutum dubu 155 ne a cikinta, a ƙidayar 2022 dubu 35 da 'yan kai. In ka je Mayo ko tsibirin Achill da yamma rana ta karkata, dubi jikin tuddai za ka ga layin kunyoyi har yanzu a ƙarƙashin ciyawa, tumaki na kiwo a kai, wasu tun lokacin ba'a sake taɓa su ba. Wannan shi ɗan banzan ya mayar abun damfarar baƙi da gishiri da baƙin mai. Ni baƙo na fi shi jin nauyin abun.

Shi yasa kake ganin littafin nan mai baƙin bango a kan teburi, wanda kake ɗora kofin shayinka a kai. Duk wanda ya zo, ƙafa, tsawonsa, irin ƙasar gonarsa, ya rubuta da hannunsa ya sa hannu, rabin kuɗi a ajiye, kaya basa fita ƙofa sai an cika. Ko limamin cocinsu ne. Kuma in mutum ya fara yabon hannuna tun kafin ya faɗi abun da ya kawo shi, ƙara masa kuɗi.

Maganar yadda ake hura wuta da yanka sifirin da buɗa shi ba zan ɓata yatsuna a waya ba, wanda ya shekara yana riƙe min awartaki in bai san wannan ba ya koma wankin mota. Haka zancen tsoma shi a mai, ka gani sau ba adadi, ka dai tuna loy ba wuƙa bane, dutse zai ci karo dashi a ƙarƙashin ƙasa, in ka bar shi da tauri sosai ɓallewa zai yi, mayar dashi wuta a hankali har launin ya wuce ruwan ƙasa ya kai shuɗi shuɗi. Abun da ba kowa ya sani ba shi ne lanƙwasar bakin. Ita ce sana'ar. In tayi kaɗan mutum sai ya sunkuya har ƙasa kafin falle ya ɗagu, kafin azahar bayansa ya riƙe, in tayi yawa bakin ya riƙa fitowa sama yana yanka fallen sirara. Laka mai nauyi da nata, ƙasa mai tsakuwa da nata, dogon mutum da gajere ba ɗaya ba. Ba'a auna ta da ruwla, fita ake bayan maƙera a gwada a ƙasa a dawo wuta. Kana tsammani banza ce ta sa masana'antun da suke buga irin waɗannan kaya a da suke ajiye samfuri sama da ɗari, kusan kowane yanki da nasa? Akwai ɗaya da ta rage a Templepatrick cikin Antrim, ta Patterson, ruwa ke juya mata babbar masaba, yanzu wurin tarihi ce. In ka samu hutu maimakon kwana kan waya hau bas ka je ka kalli bangon samfuran nan, ko ka je gidan tarihin rayuwar karkara na Turlough Park kusa da Castlebar, sannan ka dawo ka sake min maganar abu ɗaya da zai yi wa kowa.

Ƙotar kanti kuwa, ɗauko ɗaya ka dubi jijiyar icen. Da inji aka yanka, jijiyar ta fita ta gefe, ranar da ƙato ya danna ta ƙarƙashin jiƙaƙƙen falle nan za ta tsage, in bai yi sa'a ba ta shige masa hannu, kuma sunan wa za'a kira? Bata da dunduniya ma, da me za ta tokari ƙasa. Tarin tsoho saura kaɗan a sama, shi yasa na hana ka taɓawa, ba rowa bace. Koyo a kan ɓaragurbin ice ake yi.

Matsalarku yaran yanzu kenan, komai walda, komai giranda, komai a gama yau a ɗauki hoto a ɗora. Kun kalli bidiyon minti biyar na wani mai gemu a Amurka kun zama malamai. Ni sai da na daɗe ina share maƙerar tsoho ina kai masa shayi kafin ya bari na taɓa icen ash, kuma na zo da ƙira a hannuna tun daga gida, ba koyo na zo ba. Bai taɓa min bayani mai tsawon wannan ba, sai dai ya karɓi abu ya juya ya jefa cikin tarkace ya ci gaba da busa taba. Ku kuwa in ba'a ce sannu da aiki ba sai ku kumbura. Ba ku kaɗai ba, 'ya'yan manoman nan ma haka suke, yaro ya iya tuƙa tarakta mai kwamfuta amma ka bashi loy ya riƙe shi a juye. Har wajen shekarun 1960 ana noma dashi a ƙasa maras kyau, yau in ba don gasa ba da tuni sai a bangon mashaya za ka ganshi. Gasar huɗa ta ƙasa da suke yi duk watan Satumba, wadda aka fara tun 1931 kusa da Athy, ita ta riƙe shi, a 2019 mutum kusan dubu 300 suka je cikin kwana uku, kuma a gefen manyan injina akwai filin masu loy, maza da mata da matasa, alƙalai na bi suna duba miƙewar layi da daidaiton falle da ko ciyawa ta leƙo. Waɗannan su ne masu siyan kayanmu na gaskiya, kuma sun san loy fiye da yadda ka san wayarka, in lanƙwasa ta kauce kaɗan a falle na farko za su gane.

Ranar Asabar wata mata za ta zo daga wajen Granard, tana shirin gasar yankinsu, da hagu take haƙa kuma doguwa ce. Kai za ka karɓe ta, kai za ka bata littafi ta rubuta, ni ina gefe ba zan ce uffan ba. Kafin nan ka zo da takalmin ruwa ƙarfe bakwai, akwai tsohon loy na dama a bayan ƙofa, za ka yi min kunya ɗaya daga katanga zuwa bakin rafi in ga ko gefen fallenka zai tsinke. Wayar ka bar ta a aljihun rigar sanyi, kuma ka ɗauke kofinka daga kan littafina.